Fam 500 na killace kai: yadda muke ta kai ruwa rana da ƙaramar hukuma

Asabar, 10 ga Satumba, 2022

Na dawo daga aikin dare, ko nisa barcina bai yi ba uwargida ta tashe ni da wasiƙa a hannu. Daga ƙaramar hukumarmu take. Suna so in mayar musu da fam 500 ɗin da suka ba ni a watan Janairun bana, tallafin killace kai na lokacin da korona ta kwantar da ni. Dalilin nasu layi ɗaya ne tak: wai binciken da suka yi bayan biya ya nuna ban yi asarar kuɗin shiga ba. Sun ba ni kwana 21 daga ranar da aka rubuta wasiƙar, 1 ga Satumba. Da yake ma'aikatan gidan waya suna ta yajin aiki, kwana tara sun riga sun ƙare a hanya.

Zan riƙa rubuta duk abin da ya faru a nan da kwanan watansa, don zaman Ingila ya koya mini cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

Ga 'yan'uwa na gida da ba su san tsarin ba. Daga 28 ga Satumba 2020 doka ta wajabta wa duk wanda hukumar gwaji da bin sawu ta NHS (hukumar lafiya ta ƙasa) ta ce ya killace kansa ya zauna a gida. Wanda ya fita, tararsa daga fam 1,000 take farawa, tana iya kaiwa 10,000. A rana guda aka fito da tallafin fam 500 ga masu ƙaramin ƙarfi: kana da aiki, aikin ba ya yiwuwa daga gida, zaman zai jawo maka asarar kuɗi, kuma kana karɓar ɗaya daga cikin tallafin gwamnati irin su Universal Credit. Kuɗin na gwamnatin tsakiya ne, amma ƙananan hukumomi aka damƙa wa rabon. An rufe shirin ranar 24 ga Fabrairun bana, lokacin da aka soke dokar killacewa.

Ni a lokacin kaya nake tsinta a wani katafaren sito, ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata, dare biyar a mako, awa takwas, fam 10.20 kowace awa. Zazzaɓi ya kama ni Litinin 13 ga Disamba 2021, daidai lokacin da nau'in korona na Omikron ke watsuwa kamar wutar daji. Na yi gwajin PCR Talata, sakamako ya fito Laraba, aka ce in zauna zuwa ƙarfe sha biyun daren 23 ga wata. Dare tara na aiki na rasa. Yanzu kuma wai ban yi asara ba.

Litinin, 12 ga Satumba

Minti 47 ina sauraron kiɗa a waya kafin wata baiwar Allah ta ɗauka. Tana da kirki, amma babu abin da ke hannunta. Ta ce sashen da ya yi rabon tallafin an watsa shi tun da aka rufe shirin, kowa ya koma ofishinsa na asali. Su sashen karɓar bashi ne, takardar neman biya kawai suke gani a kwamfuta. Na ce ina so in ɗaukaka ƙara. Ta ce wannan tallafi ba shi da hanyar ɗaukaka ƙara. Nan take ta ɗora da cewa za ta iya raba mini shi fam 20 kowane wata.

Wallahi saura ƙiris in amsa. Gajiya ga barci, ga murya mai daɗi tana nuna maka hanya mai sauƙi. Na ce zan yi tunani, na nemi lambar fayil da sunanta na farko, na rubuta.

Da dare uwargida ta ce, "Maigida, ka biya su mu huta. Ba a faɗa da hukuma a ƙasar mutane." Na ce, "Maman yara, fam 500 kuɗin wuta da gas ɗinmu ne na wata biyu a hunturun nan mai zuwa. Kuma in na biya, na yarda ke nan ƙarya na yi." Wannan na biyun ne ya fi ci mini rai. Kuɗi dai ana nema a samu. Amma a ce akwai fayil a wani ofishi da ke nuna na karɓi abin da ba nawa ba, wannan ba zan iya kwana da shi ba.

Alhamis, 15 ga Satumba

Kwana uku ina tonon takardu. Saƙon waya mai ɗauke da lambar nan mai harufa takwas da NHS ta ba ni yana cikin tsohuwar wayar da allonta ya tsage, wadda auta ke wasa da ita. Da tsohuwar zuma ake magani. Na sa mata caji, ta tashi, na ɗauki hoton saƙon. Bayanan banki na sauke su cikin minti biyar.

Takardun albashi ne matsala. Na bar kamfanin dillancin tun watan Afrilu da na samu aikin dindindin, su kuma sun rufe mini shafin da ake sauke takardun. Laifina ne, ban taɓa ajiye su ba. Na aika musu imel.

Talata, 20 ga Satumba

Jiya hutu ne saboda jana'izar Sarauniya Elizabeth, ko'ina a rufe. Yau tun kafin a buɗe ƙofa ina bakin ofishin Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, mutum na shida a layi. Wani dattijo ɗan sa-kai ya zauna da ni kusan awa guda.

Ya ce gaskiya matar ta faɗa: babu kotun sauraron ƙara ta musamman a kan wannan tallafi, ba kamar tallafin kuɗin haya ba wanda ake iya kai shi gaban kotun. Amma rashin ɗaukaka ƙara ba ya nufin rashin hanya. Kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin karɓar ƙorafi, kuma a samansu akwai ofishin Ombudsman mai duba ƙorafin jama'a a kan ƙananan hukumomi, kwatankwacin Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta Najeriya, kuma kyauta ne. Sai dai ba ya karɓar magana sai ka fara bi ta ƙaramar hukumar, ko kuma, a ƙa'idar wancan lokacin, ka ba su kamar mako 12 sun ƙi gamawa.

Abu uku ya sa na rubuta a bayan ambulan. Kada in ƙara yin magana ta waya kawai, komai a rubuce. Kada in fara biyan ko fam ɗaya muddin ina musun bashin. Sannan in nemi su ba ni duk bayanan da suke riƙe da su a kaina, domin dokar kare bayanai ta ba ni wannan haƙƙi, ba a biyan ko kwabo, kuma wata ɗaya suke da shi su amsa. Ya ce, ba ka iya ƙaryata lissafin da ba ka gani ba.

Laraba, 21 ga Satumba

Wasiƙa biyu na aika, ta imel da kuma ta gidan waya mai sa hannu, ana gobe wa'adinsu zai cika. Ta farko ƙorafi: ban yarda da bashin ba, a dakatar da nema har a gama bincike, a nuna mini alƙaluman da aka dogara da su. Ta biyu neman bayanaina. Babbar 'yata, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ita ta gyara mini Turancin. Ta goge layi uku inda na zuba fushi. Ta ce, "Baba, ba wanda zai karanta wannan ya ji kunya, kwamfuta ce za ta fara gani." Na bar ta ta goge.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Takardar tuni ta iso, da jan rubutu a sama. Ko alamar sun ga wasiƙata babu. Na mayar musu da imel ɗauke da lambar ƙorafin. Kamfanin dillanci shiru.

Bayan sallar Juma'a na ba wani Alhaji ɗan Damagaram labari, mai aikin kula da tsofaffi. Ashe shi ma irin wasiƙar ta same shi tun watan Mayu, kuma tuni ya fara biya fam 25 duk wata. Na ce, "Alhaji, ka duba lissafinsu kuwa?" Ya ce, "Malam, wa zai duba? Ni dai ba na son abin da zai taɓa mini takardu." Wannan tsoron shi ne jarin masu aika irin wannan wasiƙa, ko sun sani ko ba su sani ba. Baƙo ya ga tambarin hukuma, abin da ke fara zuwa masa shi ne takardun zamansa, ba ko yana da gaskiya ba.

Talata, 25 ga Oktoba

Bayanan sun iso, kwana huɗu bayan cikar wata ɗaya. A yau ne kuma Rishi Sunak ya zama firayim minista. Da aka rubuta mini wasiƙar farko Boris Johnson ne a kujera, Liz Truss ta zo ta tafi, ga na uku, ni kuma ina nan a kan fam 500.

Shafi 34 ne. Yawanci fom ɗina ne da na cike da kaina. A shafi na 19 na ga abin da nake nema: hoton allon kwamfuta da ke nuna albashina kamar yadda kamfani ya kai rahoto ga hukumar haraji. Nuwamba 2021, fam 1,632.00. Disamba 2021, fam 2,009.43. A ƙasa wani ya rubuta kalma kaɗan, ma'anarsu: babu raguwa, a karɓo. Shi ke nan binciken. Wata biyu aka jera, aka ga na biyu ya fi na farko.

Na zauna da bayanan banki da kalanda har ƙarfe biyun rana, barcin da ban yi ba ke nan. Alƙalumansu daidai ne, fahimtar ce ta karkace, kuma ta hanya uku.

Mu duk Juma'a ake biyanmu. Nuwamban 2021 Juma'a huɗu ke cikinsa: 5, 12, 19, 26. Disamba biyar ne: 3, 10, 17, 24, 31. Cikakken makona fam 408 ne kafin haraji. Huɗu sun ba da 1,632, daidai abin da suka gani. Da lafiyata ƙalau, Disamba 2,040 zai kasance. Tun daga nan ma'aunin ya karye, an auna mudu huɗu da mudu biyar.

Sannan ana biyanmu da jinkirin mako guda. Fam 408 da suka shigo ranar 17 ga Disamba, ina kwance ina rawar sanyi, ladan makon 6 zuwa 12 ne, aikin da na gama kafin ciwo. Wanda ya kalli ranar shigar kuɗi kawai zai ɗauka ina wurin aiki.

Na ukun shi ne babba. Ranar 24 ga Disamba an biya ni fam 626.75. A ciki 96.35 ne kawai na makon, wato kuɗin jinya na doka, wanda a lokacin ake biya daga ranar farko in korona ce. Sauran 530.40 kuɗin hutuna ne, awa 52 da na tara tun bazara ban ɗauka ba, kamfanin ya zubo wa kowa nasa saboda shekarar hutunsu a Disamba take ƙarewa. Ranar 31 kuma 158.68 na samu: jinyar kwana huɗu 77.08, da dare ɗaya da na koma aiki ranar 24, fam 81.60.

Ga asarar a fili. Dare tara sau awa takwas sau 10.20, fam 734.40. Cire kuɗin jinyar kwana tara, 173.43. Saura 560.97. Abin da na rasa ya ma fi abin da suka ba ni.

Ba na ganin laifinsu don sun bincika. Kuɗin jama'a ne, kuma fom ɗin da na sa wa hannu ya faɗa ƙarara cewa za su iya dubawa su karɓe in an samu ba daidai ba, ko da yake, gaskiya, ban karanta wannan wurin ba sai yanzu. Na kuma san akwai waɗanda suka karɓa suka ci gaba da fita aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsallake tambaya a tafi kai tsaye ga takardar bashi. Imel ɗaya da zai ce, mun ga kaza, yi mana bayani, da ya kashe maganar tun watan Agusta. Kuma wa irin wannan ma'auni zai fi kamawa? Ba mai albashin wata ba ne, wanda kuɗinsa ke shiga rana ɗaya adadi ɗaya. Masu aikin mako ne, masu dare, masu kwangilar da ba ta da tabbacin awa, wato mutanen da aka ƙirƙiri tallafin dominsu.

Na rubuta duk wannan a shafi ɗaya, kwanan wata a hagu, kuɗi a dama, na aika.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Imel na huɗu ga kamfanin dillanci. Na gaji, na hau bas na je ofishinsu da kaina. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta ce sashen albashi a wani gari yake. Na ce to zan nemi takardun ta dokar kare bayanai, kamar yadda na yi wa ƙaramar hukuma, na kuma rubuta buƙatar a gabanta na ce ta buga mini tambarin karɓa. Washegari takardun albashi biyar na Disamba suka shigo imel ɗina. Abin da wata ɗaya da rabi na roƙo bai yi ba.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Amsar matakin farko na ƙorafi: sun ƙi. Amma kiɗan ya canza. Maganar Nuwamba da Disamba ta ɓace, ko ambatonta ba su yi ba. Yanzu cewa suke takardar albashin 24 ga Disamba ta nuna an biya ni kuɗin hutu a lokacin killacewa, don haka hutu mai albashi na ɗauka, ba asara.

Na karanta wa uwargida. Ita da ke cewa in biya mu huta, ita ce ta fara harzuƙa. Ta ce, "To wannan ai kamar ranar kwasar adashinka ce ta faɗo ranar da aka yanke maka aljihu, sai a ce ba a yi maka sata ba tunda ga kuɗi a hannunka." Ban samu misalin da ya fi wannan ba, don haka na sa 'yata ta juya shi Turanci, muka cire ɓarawon, muka bar adashin a matsayin ajiya. Kuɗin hutun nan guminna ne na wata takwas. Ko na yi ciwo ko ban yi ba ranar 24 zai shigo. Da ban kwanta ba, da shi da cikakken albashi zan haɗa.

Wani abin haushin ma, kuɗin hutun bai zauna a hannuna ba. Universal Credit yana raguwa da kwabo 55 a kan kowane fam da ka samu sama da iyakar da aka yanka maka, don haka a watan Janairu an zabge mana tallafin saboda shi. Ƙarin fam 20 na mako da ake bayarwa lokacin korona kuma an riga an janye shi tun Oktoban 2021. Wannan hunturu ne da muka ci shinkafa da wake har yara suka daina tambayar me aka dafa.

Na nemi a kai maganar mataki na biyu. Na kuma sake komawa kan kamfanin dillanci, wannan karon ina neman wasiƙa mai layi biyu: cewa ban nemi hutu tsakanin 13 da 23 ga Disamba ba, kuma kuɗin nan biyan ƙarshen shekara ne da aka yi wa kowa.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Kansilolin unguwa suna zama a laburare Asabar ɗin ƙarshen wata don sauraron jama'a. Shekara takwas ina wuce sanarwar a bango ban taɓa shiga ba. Na samu kansila ɗaya, na miƙa mata shafina na lissafi. Ta karanta, ta ciro kalandar wayarta ta ƙirga Juma'o'in da yatsa, ta yi dariya ba ta daɗi ba. Ta ce ba ta da ikon soke bashi, amma za ta rubuta wa shugaban sashen, kuma tambayar kansila tana da layinta daban da ba a barinta ta kwana.

Juma'a, 9 ga Disamba

Ana wata ga wata. Wasiƙa daga wani kamfanin karɓar bashi mai zaman kansa: an miƙa musu fayil ɗina, in biya cikin kwana bakwai, in ba haka ba wakilinsu na iya ziyartar gida. Ina barci uwargida ta buɗe. Da na tashi na tarar ta kwashe talabijin da kwamfutar makarantar yara ta kai gidan maƙwabciya.

Na kira layin ba da shawara kan bashi, na kuma karanta abin da ke shafin gwamnati, sannan na zaunar da ita. Mai karɓar bashi daban, ma'aikacin kotu mai ƙwace kaya daban. Na farkon ba shi da ikon shiga gida ko taɓa cokali, roƙo ne kawai da babbar murya. Kafin a kai ga na biyun a kan irin wannan bashi, sai ƙaramar hukuma ta kai ni kotun gunduma ta yi nasara, kuma kafin nan za a aiko mini da takarda in kare kaina. Mutanenmu suna rikita shi da harajin gida, wanda hanyarsa ta kotun majistare take kuma ta fi sauri. Abin da nake tsoro na gaskiya shi ne hukuncin kotun gunduma, don in ba a biya cikin wata ɗaya ba shekara shida yake zama a tarihin bashin mutum, ya hana ka haya mai kyau, ya hana ka ko wayar biya-a-hankali. Amma da shafina na lissafi, in kotun ce ma, bismillah.

Na ce, "Maman yara, ko an ƙwanƙwasa kada ki buɗe, ki ce a rubuto." Aka dawo da talabijin da dare.

Litinin, 12 ga Disamba

Sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Na tura wa kansila hoton wasiƙar kamfanin. Kafin la'asar imel ya zo daga ƙaramar hukuma: an dakatar da neman kuɗin har a kammala mataki na biyu, an janye fayil daga kamfanin, tura shi da aka yi wai na'ura ce ta yi da kanta bayan kwanaki sun cika. Wannan dakatarwa ita na roƙa tun 21 ga Satumba.

Talata, 20 ga Disamba

Wasiƙar kamfanin dillanci ta zo, layi uku, da sa hannun sashen albashi. Ta tabbatar ban ɗauki hutu ba, an rubuta ni a matsayin mara lafiya dare tara, kuma awa 52 ɗin biyan ƙarshen shekara ne. Na tura a take. Na buga kwafi biyu, ɗaya a jakar takardu, ɗaya a ƙarƙashin katifa, don yanzu ban yarda da shafin intanet na kowa ba.

Litinin, 30 ga Janairu, 2023

Shiru tun kafin Kirsimeti. Na tuna musu ranar 9 ga wata, aka ce jami'in da ke duba fayil ɗin yana hutu. Mako 12 sun cika tun 14 ga Disamba, don haka yau na cike fom ɗin Ombudsman a intanet. Bai kai wahalar da na zata ba. Suna tambayar me aka yi ba daidai ba, wace illa ta same ka, me kake so a yi. A na ƙarshen na rubuta abu uku: a soke takardar bashin, a rubuto mini cewa na cancanci tallafin, a kuma sake duba duk wanda aka yi wa irin wannan awo na wata da wata.

Wannan rubutun da nake yi ne ya cece ni. Kowace tambaya ta kwanan wata, sai in gangaro in kwafa.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Ofishin Ombudsman ya ba ni lamba, ya ce ya tuntuɓi ƙaramar hukuma ya ji inda ƙorafin ya tsaya.

Juma'a, 3 ga Maris

Amsar mataki na biyu, wata uku da rabi bayan na nema, mako biyu bayan an taɓa su daga sama. Sun soke bashin. Sakin layi na biyu ya ce bisa sabbin hujjojin da na gabatar, sun gamsu na yi asarar kuɗin shiga kuma na cancanci tallafin. Sabbin hujjoji. Kalandar 2021 dai ba ni na buga ta ba. Sun ba da haƙuri a kan jinkiri da kuma tura fayil ga kamfanin karɓar bashi. A kan awon da ya jawo komai, ko kalma. A kan sauran mutanen da aka yi wa haka, sun ce ba za su iya tattauna fayil ɗin wasu da ni ba.

Na kira sashen bashi na tabbatar lambar fayil ɗin tana nuna sifili, na sa suka aiko mini da hakan a rubuce. Na sanar da Ombudsman an soke, amma na ce buƙatata ta uku tana nan, su ga abin da za su yi da ita. Na lissafa abin da na kashe: kuɗin aika wasiƙu masu sa hannu, bugu a laburare, bas, kusan fam 40, ban da barcin rana da ba ya ramuwa.

Uwargida ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Ba ta ce komai a kan maganarta ta watan Satumba ba, ni ma ban tayar ba.

Asabar, 25 ga Maris

Azumi ya kama. Bayan tarawihi Alhajin Damagaram ya tare ni a wurin takalma, da jakar leda a hannu. Ya riga ya biya wata goma, fam 250. Shi duk mako biyu ake biyansa, kuma a watan da ya killace kansa an haɗa masa da kuɗin ƙarin awoyin watan baya. Muka zauna a mota da fitilar waya muna jera takardun albashinsa, biyu sun ɓace.

Ombudsman yawanci yana son a kawo ƙorafi cikin wata 12 daga lokacin da mutum ya san da matsalar, wasiƙar Alhaji kuma ta watan Mayun bara ce. Na ce, "Alhaji, ba mu da lokaci. Gobe bayan azahar ka zo gida da wayar da saƙon NHS ke ciki." Na tura wa 'yata saƙo ta nemo mana wasiƙun nan biyu na 21 ga Satumba, ta cire sunana da lambar fayil ɗina.